Yadda ake shirya tafiyar kamun kifi a daji don sauke gajiya da gyara zumunci

Mutum yakan ɗauki hutun sati guda ya zauna a gida, ranar komawa aiki ya tarar gajiyarsa tana nan yadda ya bar ta, domin waya tana hannunsa kuma duk mai nemansa ya san inda yake. Kwana uku a bakin wani tafki ko kogi mai nisa da gari sukan yi abin da wancan satin ya kasa. Fatsa tana riƙe hankali ba tare da ta gajiyar da shi ba: ido yana kan ruwa, hannu yana kan sanda, tunanin bashi da na ofis ba ya samun wurin zama. Masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna a 2019 cewa minti 20 zuwa 30 a cikin itatuwa da ciyayi suna rage kotizol, sinadarin da jiki ke yawaita fitarwa idan mutum yana cikin matsi. A Jami'ar Kolorado kuma, a 2013, an gano cewa sati guda na kwana a tanti ba tare da hasken lantarki ba ya dawo da agogon barcin mutane baya da kusan awa 2, wato jikinsu yana neman barci da wuri.

Sai dai wannan amfani ba ya zuwa da kansa. Tafiyar da aka shirya da gaggawa takan ƙare da cizon sauro, yunwa da rigima, a dawo ana ganin laifin juna. Sirrin shirin shi ne a rage wahala iyakar iyawa, a bar lokaci mai yawa wanda ba a cika shi da komai ba.

Su wa za su tafi, kuma kwana nawa

Mutum 2 zuwa 4 sun isa. Idan aka wuce haka, tafiyar ta zama taro, mutanen da ake so su samu juna su ɓace a cikin hayaniya. Idan miji da mata ne, ko uba da ɗa, ko aminan da aiki ya raba, a bar su su kaɗai, ko a ƙara mutum ɗaya wanda ya san daji kuma ya san lokacin da zai ja gefe.

Dare 3 shi ne daidai ga masu farawa. Ranar farko hanya da kafa tanti ne ke cinye ta, kuma kowa yana nan da ragowar tunanin gida. A rana ta biyu ne jiki ke sakewa. Wanda ya kwana ɗaya ya juya, wahalar tafiyar kawai ya kwasa. Fiye da dare 4 kuma, ƙanƙara ta narke, tufafi sun yi datti, haƙurin wanda bai saba ba ya fara ƙarewa.

Kafin a tashi a zauna a faɗi gaskiya: me kowa yake so? Wani yana so ya wuni a kan ruwa tun asuba, wani kuwa burinsa ya yi barci ya karanta littafi a inuwa. Duka biyun daidai ne muddin an sani tun daga gida. Rigimar da ta fi yawa a irin wannan tafiya tana tasowa ne idan gwanin fatsa ya ɗauka kowa irinsa ne.

Zaɓen wuri

A tafiyar farko kada tuƙi ya wuce awa 3 ko 4, kuma kada nisan da za a ɗauki kaya a ƙafa daga mota ya wuce kilomita 1. Tafki ko kogi mai tafiya a hankali ya fi kogi mai ƙarfi sauƙi ga sabon hannu, da kuma kwanciyar hankali idan akwai yara.

A tuntuɓi hukumar da ke kula da dajin ko ruwan tun da wuri. Ƙasashe da yawa suna bukatar lasisin kamun kifi, suna rufe wasu watanni saboda lokacin ƙwai, suna kuma ƙayyade girma da adadin abin da za a ɗauka. A tambaye su abubuwa huɗu: ko an yarda a kwana a kunna wuta, ko akwai madatsar ruwa a sama wadda ake buɗewa (ruwan kogi yana iya tashi cikin mintuna idan aka saki), waɗanne namun daji ne ke wurin, kuma ko ruwan yana da tsargiya. A yankuna masu zafi inda cutar take, ƙwayoyinta suna shiga ta fata ne daga ruwan da ƙananan dodon koɗi ke rayuwa a ciki, don haka ko wanka ko tsayawa cikin ruwan ba a yi. Inda akwai kada ko dorina, ba a tsayawa dab da baki, musamman da magariba da dare, kuma ba a zubar da kayan cikin kifi kusa da masauki. Inda akwai beyar (wata babbar dabbar daji mai bin ƙanshin abinci), abinci ba ya kwana a tanti.

A rubuta wa wani a gida sunan wurin, hanyar da za a bi, lambar mota, ranar dawowa, da awar da zai nemi taimako idan bai ji daga gare ku ba.

Kayan fatsa

Kada a sayi kaya masu yawa. Kowane mutum yana bukatar sanda mai tsawon mita 1.8 zuwa 2.1 da manaɗin zare matsakaici, irin wanda ake rubuta wa lamba 2500. A naɗa zaren roba mai kaurin milimita 0.25, wanda ke ɗaukar nauyin kusan kilo 4. Kada a cika manaɗin har baki, a bar milimita 2 ko 3, domin idan ya cika zaren yakan kwance a dunƙule lokacin jifa ya sarƙe.

Sai ƙugiyoyi masu lamba 6, 8 da 10, kamar 10 na kowace. A lambobin nan, wadda ta fi girman lamba ita ce ƙarama. Masu farawa sun fi kuskuren ɗaukar babbar ƙugiya da sunan neman babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya tana kama babba da ƙarami, babba kuwa ƙananan kifaye sai dai su cinye mata abinci su tafi. A haɗa da ƙananan nauyi na matsewa a zare, da totuwa 3 ko 4 (abin nan mara nauyi da ke yawo a saman ruwa yana nuna cizo), da filaya mai dogon baki, da almakashi, da ƙaramar koma ta ɗebo kifi. Idan an samu nauyin da ba na darma ba ya fi, domin tsuntsayen ruwa suna haɗiye darma ta kashe su, abin da ya sa Ingila ta haramta yawancin ƙananan nauyin darma tun 1987. Idan darmar ce, da filaya ake matse ta, ba da haƙori ba.

Tana ita ce abincin fatsa da kusan kowane kifin ruwa mai daɗi ke ci. A zuba ta a gwangwani mai ƙofofin iska da ƙasa mai danshi, a ajiye a inuwa. Awa ɗaya a rana ko a cikin mota rufaffiya ta isa ta kashe ta.

Ƙulli ɗaya ya ishe ku, amma kowa ya koye shi a gida. A zura zare ta idon ƙugiya, a bar kamar santimita 15. A murɗa wannan bakin a jikin zaren sau 6. A mayar da shi ta ɗan ramin da ya rage kusa da idon ƙugiya, sannan ta babban zoben da hakan ya haifar. A jiƙa ƙullin kafin a ja, a ja a hankali har ya zauna, a yanke ragowar a bar milimita 3. Idan aka ja shi a bushe, gogayya tana ɗumama robar ta raunana ta, sai ya tsinke daidai lokacin da kifi mai nauyi ya kama. Idan zare ya dawo da bakinsa a murɗe, ƙullin ne ya kwance. Idan ya dawo a yanke sumul, dutse ko haƙorin kifi ne.

Barci, ruwa da abinci

A nan ne ya kamata kuɗi ya tafi, domin mutumin da bai yi barci ba ba ya da haƙurin kowa. A samu tanti mai ragar sauro wanda ya fi yawanku da gurbin mutum ɗaya, a gwada kafa shi a gida a tabbatar babu sandar da ta ɓace. Shimfiɗar ƙasa mai kauri tana da muhimmanci daidai da bargo, saboda ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki. Bakin ruwa ya fi sauran wurare sanyi da raɓa da dare, don haka a riƙe rigar sanyi ko da rana tana zafi, a kuma ware tufafin barci a leda waɗanda ba za a taɓa sa su da rana ba.

A kafa tanti aƙalla mita 60 daga bakin ruwa, a kan tudu, ba a busasshen kwari ba, ba kuma ƙarƙashin mataccen reshe ba. Bayan gida ma mita 60 daga ruwa, a rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe.

Kowane mutum lita 3 zuwa 4 na ruwan sha a rana, ban da na girki. Ruwan tafki ko na kogi, komai kyansa a ido, sai an tafasa shi ya yi minti 1 yana tafarfasa, ko minti 3 idan wurin ya haura mita 2,000 a kan tsauni.

A ɗauki abinci kamar ba za a kama kifi ko ɗaya ba. Wannan ƙa'ida tana cire wa kowa nauyi: idan abincin dare ya dogara da fatsa, hutu ya koma farauta, wanda bai kama ba kuma ya ji kamar ya ba mutane kunya. Ba a kunna murhun gas ko gawayi a cikin tanti ko kaɗan, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mai barci.

Waya

A yanke hukuncinta tare, kafin a bar gida. Tsarin da ya fi aiki shi ne a bar waya ɗaya a kashe cikin leda don gaggawa, a kunna ta minti 10 da yamma idan akwai sabis, sauran a kulle su a mota. A sauke taswirar wurin a wayar tun a gari, a riƙe ta takarda ma. Wanda yake da mara lafiya a gida ko aikin da ba ya jira ya faɗa tun farko a ware masa lokaci, ya fi a kama shi yana leƙawa a ɓoye. Inda babu sabis sam, akwai na'urorin aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, kuma sun cancanci ɗauka. A ranar farko hannu zai riƙa kai kansa aljihu. Wannan yakan wuce zuwa washegari.

Yadda ake tsara yini

Kifi ya fi ci a awa 2 na farkon safiya da awa 2 na ƙarshen yamma. Da tsakar rana yakan koma zurfi ko inuwa, saboda haske yana fallasa shi kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Wannan ya yi muku tsarin yini a sauƙaƙe: fatsa da sassafe, karin kumallo, doguwar tsakar rana ta barci da hira da ɗan yawo, sai fatsa daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Kada a cika tsakar ranar nan da wani shiri. A cikinta ne gajiya ke sauka.

A raba aiki a bayyane, kuma a riƙa juyawa: mai girki ba ya wanke kwano, mai itace yau shi ne mai ruwa gobe. Idan mutum ɗaya ne ke girki kullum a gida, kada ya zama shi ne a daji.

A bakin ruwa

Kifi ba ya watsuwa ko'ina. Yana taruwa ne inda akwai abinci da maɓoya: gefen ciyawar ruwa, kusa da itacen da ya faɗa ciki, inda rafi ke shigowa tafki, inda ƙasa ta gangara daga marar zurfi zuwa zurfi, da kuma layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Sau da yawa yana mita 3 zuwa 5 daga baki, don haka jifa mai nisa ba dole ba ne. A taka a hankali, kada inuwa ta faɗa kan ruwa. Magana ƙasa-ƙasa ba ta korarsa, amma buga ƙafa ko jefar da kaya a cikin kwalekwale yana korarsa, domin yana jin girgiza ta jikinsa.

A ɗaura totuwa kamar mita 1 sama da ƙugiya, a matse nauyi santimita 20 zuwa 30 sama da ƙugiyar. A soke tana sau 2 ko 3, a bar jelarta tana motsi. Idan totuwa ta kwanta a kan ruwa, ƙugiya ta taɓa ƙasa, sai a rage tsawon. Idan ta fara rawa, a dakata, ɗanɗanawa yake yi. Idan ta nutse ko ta kama tafiya gefe, a ɗaga sanda da ɗan ƙarfi daga wuyan hannu. Fizga mai ƙarfi tana yage bakin kifi ko ta tsinke zare. Idan minti 15 sun wuce shiru, a canza zurfi da rabin mita. Idan rabin awa ta wuce, a canza wuri.

A saman manaɗi akwai maƙulli da ke barin zare ya fita idan kifi ya ja da ƙarfi. A daidaita shi yadda zare zai fara fita a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, wato idan ka ja da hannu ya fito da ɗan tauri. Idan kifi yana gudu da zare, a daina naɗawa, a riƙe sanda sama a bar shi ya gaji. Naɗawa a wannan lokacin tana murɗe zare ne kawai.

Wanda ya iya ya nuna sau ɗaya, sannan ya yi shiru. Gyara kowane jifa, ko karɓe sanda daga hannun mutum idan kifi ya kama, shi ne abin da ya fi saurin ɓata tafiyar ma'aurata da ta iyaye da 'ya'ya. Kifin da ya kuɓuce wa sabon hannu ya fi masa amfani a kan wanda aka fito masa da shi. A bar ƙirge ma, babu wanda ya fi wani. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ba ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya kafin hankalinsa ya tafi kan kwaɗi da jifan dutse, kuma a ƙyale shi.

Maganar da aka zo da ita

Mutane biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna kallon ruwa sun fi samun sauƙin magana a kan waɗanda aka zaunar fuska da fuska. Babu mai tsare wani da ido, shiru ba ya zama abin kunya tunda akwai totuwar da ake kallo, kuma wanda maganar ta yi masa nauyi yana iya duba ƙugiyarsa ya numfasa kafin ya amsa.

Idan akwai saɓani, kada a taɓa shi ranar farko, kada a taɓa shi da yunwa, da dare a tanti, ko a tsakiyar ruwa inda babu mai iya tashi ya ba da wuri. Yammacin rana ta biyu, bayan an ci an huta, ya fi dacewa. A ɗauki magana ɗaya tak. A fara da tambaya, kamar "Me ya fi damunka a 'yan watannin nan?", sannan a saurara har mutum ya kai aya, ba tare da shirya amsa ba. Idan murya ta fara tashi, a tsaya, ɗaya ya koma wani wurin fatsa inda ana hango juna, a dawo bayan rabin awa. Wani lokaci ma ba a yi maganar ba sam, amma an kafa tanti tare, an kwance zaren juna, an yi dariya, kuma hakan ya sassauta abin da zai sa maganar ta yiwu a gida.

Inda akwai duka ko tsoro a tsakani, wurin da babu mutane bai dace ba ko kaɗan. Wanda kuma damuwarsa ta kai ga rashin barci na makonni, ko ƙin abinci, ko tunanin cutar da kansa, likita yake bukata tukuna.

Kifin da aka kama

Wanda za a saki, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada ya wuce daƙiƙa 30 a waje. Matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya tun farko yana sauƙaƙa cirewa, daga kifi da kuma daga yatsa. Idan ya haɗiye ƙugiya, a yanke zare kusa da baki, kada a tono. A kula da ƙayoyin tarwaɗa na gefe, suna huda hannu.

Wanda za a ci, a kashe shi nan take da bugu ɗaya mai ƙarfi a kai bayan idanu. A farke ciki, a cire kayan ciki da jajayen abin numfashi, a kankare baƙin jinin da ke jikin ƙashin baya, a sa a akwatin sanyi (kula) cikin ƙanƙara mai nauyi aƙalla daidai da na kifin, a riƙa tsiyaye ruwan. Idan babu ƙanƙara, a ɗauki wanda za a dafa a lokacin kawai. Ya dahu idan tsakiyarsa ta kai digiri 63, wato tsokar ta yi fari tana rabuwa da sauƙi.

Abin da ke kashe mutane a irin wannan tafiya

Nutsewa ce kan gaba. Duk wanda ke cikin kwalekwale ya sa rigar ceto a ɗaure, ko ya iya iyo, yara kuma su sa ta ko a bakin ruwa. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba da zarar ya faɗa. Ba a miƙewa tsaye a ƙaramin jirgi, ba a shan abin maye a kan ruwa. Da an ji tsawa a ajiye sanda, domin sandunan fatsa da aka yi da sinadarin kabon suna ɗaukar lantarki, a fita daga ruwa a shiga mota idan tana kusa, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. A sa tabarau da hula lokacin jifa, a bar tazarar mita 5 tsakanin masu jifa. Ƙugiyar da ta shiga ido, fuska ko gaɓa ba a cire ta a daji: a yanke zare, a rufe wurin ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti. Akwatin taimakon gaggawa, maganin shafawa na sauro, tocila mai ɗaurawa a goshi ga kowa, da usur, su kasance a jaka ɗaya da kowa ya san inda take. Busa uku a jere alama ce ta neman agaji.

Komawa gida

A tashi da safe, a isa gida da sauran rana, kuma idan zai yiwu a bar kwana ɗaya kafin aiki. A kwashe duk shara, musamman guntayen zare da ke sarƙe ƙafar tsuntsaye. A wanke jirgi da takalma a busar kafin a kai su wani ruwan, don kada a ɗauki ciyawa ko cuta daga wannan tafki zuwa wancan. A gida a shanya tanti har ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi funfuna cikin 'yan kwanaki, a sassauta maƙullin manaɗi, a yanke mita 2 na ƙarshen zare da duwatsu suka goga. Tun a mota a tsayar da ranar fita ta gaba, ko da ta rabin yini ce zuwa ruwa mafi kusa, kowa ya rubuta ta. Duk wanda zazzaɓi ya kama shi, ko ya ga ƙuraje ko jini a fitsari a makonnin da suka biyo baya, ya je asibiti ya faɗa wa likita inda ya je da irin ruwan da ya shiga.